Likita Mila, Baturen da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa

Duk wanda ya taɓa leƙa majami'a a Tsibiri ko Age ko ƙauyukan Gazawa ranar Lahadi, zai ji da Hausa ake karatu, da Hausa kuma ake roƙon Allah. Asalin wannan karatu yana komawa ga wani likita ɗan Ingila da ya yi zamansa a Zariya da Kano, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila.

An haife shi a 1872 a garin Honiton na ƙasar Ingila, ya kuma koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke London. A wancan zamani takardar likita ta ishi saurayi ya zauna gida ya yi arziki. Shi kuwa sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, CMS, da niyyar zuwa ƙasar Hausa. Ya fara da zuwa Tarabulus ta Libiya don ya koyi harshen a wurin Hausawa matafiya da alhazai. Can ya haɗu da wani yaro mai suna Audu, wanda ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa.

A 1900 suka taso su biyar daga Legas ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell, suka isa Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su ƴan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ta watse. Miller ya sake dawowa, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da ƴar makaranta.

Idan da yawan mabiya ake auna aikin ɗan mishan, to Miller bai ci riba ba. Ya shekara fiye da ashirin a Zariya, mutane suna zuwa karɓar magani, malamai suna zama su yi muhawara da shi, amma kaɗan ne ƙwarai suka bar Musulunci. Shi ma bai ɓoye wannan ba a rubuce-rubucensa. Abin da ya fi faranta masa rai ya zo ne a 1913, daga inda bai zata ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwa, almajiransa da ake kira Isawa suka warwatsu, wasu suka nufi wajen Ningi. Ƴaƴansu da jikokinsu sun daɗe suna jiran wanda zai kawo musu cikakken labarin Isa. Wasu daga cikinsu ne suka zo wurin Miller da ƙafarsu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suna noma, suna karatu, suna ibada tare. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, sauran suka tashi.

Mutum ne mai zafin rai a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne, kuma wannan hali shi ya jawo masa yabo da zagi. A ganinsa tsoron Allah ba ya tsayawa a ɗakin addu'a, sai ya kai ga yadda ake karɓar haraji da yadda ake yi wa talaka shari'a. Ya riƙa rubuta wa hukuma ƙorafi kan zaluncin hakimai da ragowar cinikin bayi, ya kuma soki Turawan mulki da cewa sun jingina da sarakuna sun manta da talakawa. Yana cikin waɗanda suka kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan, wanda daga bisani aka tuɓe aka kai Lakwaja. Har gobe akwai Zazzagawan da ba su yafe masa ba, kuma suna da hujjarsu: baƙo ne da ya shigo a inuwar masu bindiga, ya kuma yi wa addinin masu masaukinsa kalamai masu kaushi. Su ma jami'an Ingila ba su ji daɗinsa ba, sun ɗauke shi mai tada zaune tsaye.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa. Miller ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya soma tun yana saurayi, tare da Hausawan da suka taya shi tace kalmomi da kuma ƴan wasu ƙungiyoyin mishan. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko. Shekara biyar kafin nan, a 1927, ƴan mishan na SIM sun riga sun sauka a Tsibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji ta yanzu. Nijar tana hannun Faransa, lakwal da Faransanci ake yi, amma wannan littafi da ya ƙetaro iyaka shi ya zama abin karatun Kiristocin farko na yankin Maraɗi, kuma a cikinsa manoma da yawa suka koyi haɗa baƙi. An yi sabuwar fassara wajen 1980, sai dai tsofaffi da dama sun ci gaba da riƙe ta dā, wadda suka haddace ayoyinta.

Daga makarantarsa aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewacin Nijeriya, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida, da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma daga wannan gida ya fito. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi.

Miller bai yi aure ba. Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya tafi Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba, ya dawo Nijeriya. A 1947 ya fitar da littafi yana tambayar ko Ingila ta gaza a Nijeriya. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, yana koyar da Hausa, a can kuma ya rasu a 1952 yana da shekara 80.