Albert Coons

Albert Hewett Coons (28 ga Yuni, 1912 – 30 ga Satumba, 1978) likita ne kuma masanin garkuwar jiki ɗan ƙasar Amurka. An san shi da ƙirƙiro hanyar sanya wa sinadaran garkuwar jiki, wato antibodi, rini mai ƙyalli domin a ga inda ƙwayar cuta ta maƙale a cikin naman jiki.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Gloversville da ke jihar New York. Ya gama Kwalejin Williams a 1933, sannan ya samu digirin likita a Jami'ar Harvard a 1937.

Aikinsa

A wancan lokaci, madubin hangen ƙananan halittu yana nuna siffar ƙwayoyin jiki, amma ba ya nuna wane sinadari ne ke zaune a ina. Coons ya lura cewa kowane antibodi abu ɗaya tak yake kamawa. Idan aka haɗa shi da rini mai ƙyalli, duk inda ya kama zai haskaka. Shi da Hugh Creech da Norman Jones sun wallafa sakamakon farko a 1941. A 1942, tare da Ernst Berliner, suka yi amfani da rinin fuloresin mai ba da koren haske, suka nuna ƙwayar cutar nimoniya a jikin ɓera. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse binciken, domin ya tafi aikin likitan soja a yankin tekun Fasifik, daga baya ya koma Harvard.

Tasiri

A 1957 Marvin Minsky ya nemi rajistar madubin kwanfokal, wanda ke tace hasken da ba a buƙata ta wani ɗan ƙaramin rami. Yau masu bincike suna haɗa wannan madubi da dabarar Coons, suna ɗaukar hoton naman jiki yanki-yanki daga sama zuwa ƙasa. Haka kuma gwajin da ake tabbatar da cutar haukan kare da shi, ta hanyar duba ƙwaƙwalwar karen da ya ciji mutum, a kan wannan dabara aka gina shi. A Najeriya ana yin gwajin a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, jihar Filato.

Karramawa da rasuwa

Ya samu lambar yabo ta Lasker a 1959. Ya rasu a Brookline, jihar Massachusetts, yana da shekara 66.