Marigayi Naji al-Ali, Mai Zanen Da Har Yau Ba A Kama Makashinsa Ba

Ran Laraba 22 ga watan Yuli, 1987, da la'asar, wani mutum ya harbi Naji al-Ali da bindiga a titin Ives da ke birnin Landan, kusa da ofishin jaridar Al-Qabas inda yake aiki. Ya kwana 38 a asibiti bai farfaɗo ba, ran 29 ga watan Agusta Allah ya yi masa rasuwa. Har yau ba a gurfanar da kowa gaban shari'a bisa laifin kisan ba.

An haifi marigayin a ƙauyen Shajara da ke arewacin Falasɗinu. Yana ɗan kimanin shekara goma yaƙin 1948 ya tashe su, iyayensa suka yi gudun hijira zuwa sansanin Ainul Hilwa, kusa da Saida a ƙasar Labanan. A nan ya tashi cikin talauci, ya yi aikin lambu, ya koyi kanikanci, har ya je ci-rani Saudiyya. Da ya komo ya shiga siyasa, hukuma ta sha tsare shi, ya riƙa zane a bangon kurkuku.

Shahararren marubuci Ghassan Kanafani shi ya fara gane baiwarsa, ya buga masa zane a mujallar Al-Hurriya a 1961. A 1963 ya tafi Kuwait ya kama aiki da mujallar Al-Tali'a. A 1969 ne, a jaridar Al-Siyasa, ya fito da yaron da ya ɗaukaka sunansa, watau Hanzala, wanda ya ci sunan wani tsiro mai tsananin ɗaci. Yaro ne ɗan shekara goma, ba takalmi, riga duk faci. Daga 1973 ya juya wa masu karatu baya, ya goya hannuwansa, alamar ƙin amincewa da sulhun da ake ƙullawa ba da yawun mutanensa ba.

Alƙalamin Naji bai san sani ko sabo ba. Ya soki Isra'ila da Amurka, ya soki sarakuna da shugabannin Larabawa, bai kuma ƙyale manyan ƙungiyar PLO ba, waɗanda yakan zana su da ƙaton tumbi alhali talakawa na cikin tanti. Ya yi aiki da jaridar As-Safir a Beirut daga 1974, ya ga mamayar Isra'ila ta 1982 da idonsa, ya koma Kuwait, a 1985 kuma aka kore shi, sai Landan. An ƙiyasta zanensa ya kai dubu 40.

Yawan maƙiyan nan shi ya rikita bincike. 'Yan sandan Ingila sun kama wani Bafalasɗine mai suna Isma'il Sowan a garin Hull, suka sami makamai a gidansa. Ya ce yana cikin PLO amma yana yi wa Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, aiki. An ɗaure shi shekara 11 saboda makaman, ba don kisan ba. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta rufe ofishin Mossad na Landan. A 2017, shekara 30 da kisan, 'yan sanda suka sake kiran duk mai labari ya fito.

Mutanen Nijeriya ba baƙi ba ne ga irin wannan al'amari, domin wata tara kafin nan, ran 19 ga Oktoba, 1986, bam da aka aika cikin ƙunshin wasiƙa ya hallaka Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, a gidansa da ke Ikeja. Shi ma ba a hukunta kowa ba.

An binne Naji a maƙabartar Brookwood a Ingila, nesa da Shajara. Hanzala kuwa yana nan a bangon sansanonin 'yan gudun hijira, shekarunsa goma, bai juyo ba tukuna. Allah ya jiƙansa, amin.