Christa McAuliffe: Malamar tarihin da ajali ya riska a kumbon Challenger

Da misalin ƙarfe 11:38 na safiyar Talata, 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tashi daga tashar Kennedy da ke jihar Florida a Amurka, ɗauke da mutum bakwai. Daƙiƙa 73 kacal bayan tashinsa ya tarwatse a sama, kuma babu wanda ya tsira.

A cikin mamatan akwai matuƙa da injiniyoyi da masana kimiyya, sai kuma wata malamar sakandare mai shekara 37, Christa McAuliffe. Saboda ita ne makarantu da dama suka tara yara a gaban talabijin a wannan safiya, don haka a idonsu abin ya faru.

Asalinta

An haife ta ranar 2 ga Satumban 1948 a birnin Boston, ta kuma tashi a garin Framingham na jihar Massachusetts. Ita ce ta fari a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta akanta ne mai tsatson Ireland, mahaifiyarta Grace Corrigan kuma malama ce wadda mahaifinta ya fito daga zuriyar Kiristocin Labanan.

Ta wannan ɓangare na uwa ne take da dangantaka da Philip Hitti, shahararren masanin tarihin da ya koyar a Jami'ar Princeton, wanda ya wallafa babban littafinsa na tarihin Larabawa a 1937.

Ita ma tarihi ta karanta, haɗe da aikin koyarwa, a kwalejin Framingham, inda ta gama a 1970. A shekarar ta auri Steven McAuliffe, suka koma jihar Maryland ta fara koyarwa. A 1978 ta samu digiri na biyu, iyalin suka tare a garin Concord na jihar New Hampshire.

Tarihin talakawa

A sakandaren Concord ta koyar da tarihi da dokoki da tattalin arziki, ta kuma ƙirƙiro wani darasi nata na kanta a kan rayuwar matan Amurka.

Abin da ta riƙe shi ne, labarin talaka yana da nauyi a tarihi kamar na sarakuna da 'yan siyasa da janar-janar na soja. Shi ya sa take jan hankalin ɗalibanta ga wasiƙu da kundayen da mutanen gari suka rubuta game da rayuwarsu ta yau da kullum, irin takardun da akan tarar a akwatin kaka bayan ta rasu.

A watan Agustan 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa malamin makaranta ne zai zama farar hula na farko da hukumar NASA za ta tura sararin samaniya. Malamai sama da 11,000 suka nema.

A takardar nemanta, Christa ta ce za ta riƙa rubuta kundin tafiyar tun daga horo har dawowa, kamar yadda matan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka a keken doki suka bar labarinsu a rubuce. Ranar 19 ga Yulin 1985 mataimakin shugaban ƙasa George Bush ya bayyana ta a matsayin wadda aka zaɓa. An tsara za ta gabatar da darussa biyu kai-tsaye daga cikin kumbon.

Me ya haddasa hatsarin?

An sha ɗage tafiyar. A daren da ya rage a tashi, sanyi mai tsanani ya sauka a Florida har ƙanƙara ta kama jikin hasumiyar harba kumbon.

Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke cilla kumbon, sun yi gargaɗin cewa sanyi zai sa zobban robar da ke toshe mahaɗar rokokin su sandare. Manyansu suka sa hannu a tashi duk da haka.

Abin da injiniyoyin suka ji tsoro shi ya faru. Zoben rokar dama ya kasa toshewa, wuta ta sulalo ta lasa babbar tankar mai. Kwamitin binciken da William Rogers ya jagoranta ya ɗora laifin a kan zoben da kuma yadda ake yanke shawara a NASA. Sai a Satumban 1988 Amurka ta sake harba irin wannan kumbo.

Iyayen Christa da mijinta da 'ya'yanta biyu, mai shekara tara da mai shida, suna tashar Kennedy a lokacin. A Concord kuwa ɗalibanta sun cika zauren makaranta suna shewa, kafin wurin ya yi tsit. Daga baya an binne ta a wata maƙabarta da ke garin.

Abin da mutane ke tunawa

Har yau Amurkawan da suka yi wayo a lokacin kan ba da labarin inda suke da suka ji. Sai dai wani masanin halayyar ɗan'adam, Ulric Neisser, ya gano wani abin mamaki. Kashegarin hatsarin ya sa ɗaliban Jami'ar Emory su rubuta yadda labarin ya iske su. Kusan shekara uku bayan nan aka sake tambayar wasunsu.

Da yawa sun sauya wurin da suke da wanda ya faɗa musu, alhali suna da yaƙinin ba su yi kuskure ba. Wasu ko da aka nuna musu rubutun hannunsu, tsohon labarin bai dawo musu ba. Binciken ya ƙara fito da hikimar abin da Christa ke koyarwa: abin da aka rubuta da zafinsa ya fi abin da aka bar wa ƙwaƙwalwa aminci.

Kundin tafiyar da ta yi alkawari bai samu ba. Mahaifiyarta ce ta ɗauki nauyin. Ta tattara wasiƙun 'yarta da hotuna da abubuwan da dangi ke tunawa, ta wallafa littafi a kanta a 1993, ta kuma shafe shekaru tana zagaya makarantu tana ba yara labarinta. Takardun suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar Framingham.

Barbara Morgan, malamar da aka tanada a matsayin madadinta, ta je sararin samaniya a 2007. A 2018 kuma wasu 'yan sama jannati biyu, tsofaffin malaman makaranta, suka ɗauki darussan da Christa ta shirya a bidiyo daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, shekara 32 bayan ranar da ya kamata ɗalibanta su kalle su.