Agustin na Hippo, mai tsara wa sarki yabo da ya ajiye aiki

A shekarar 384 wani ɗan Arewacin Afirka mai kimanin shekara talatin ya samu irin muƙamin da masu burin aikin hukuma ke nema ido rufe: malamin fasahar magana a Milan, mazaunin fadar sarkin Rumawa a lokacin. Cikin aikinsa har da tsara jawabin yabon sarki, yabon da shi kansa ya san ƙarya ta yi masa yawa.

An haifi Agustin a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, amma shi ya shafe kusan shekara tara yana bin addinin Mani. A Milan wa'azin Bishop Ambros ya warware masa shakkunsa, sai dai gamsuwar hankali ba ta sauya rayuwarsa ba. Domin auren da zai ɗaga darajarsa, ya yarda aka sallami matar da ta haifa masa ɗa, sa'annan ya kasa haƙuri ya ɗauki wata. Wannan tabo ne da masu yabonsa kan tsallake.

A nan ya gano abin da ya zama ginshiƙin tauhidinsa: sanin daidai bai isa ba. Hankali kan umarci hannu ya bi nan take, amma ya umarci kansa ya ƙi, domin nufin mutum a rabe yake. Abin da ke jan nufi kuwa ƙauna ce, kamar yadda nauyi ke jan dutse ƙasa. Saboda haka zunubi a wurinsa ƙauna ce da ta saɓa tsari, ta fifita ƙarami a kan babba. A 386 ya ajiye aiki, aka yi masa baftisma a 387.

Bayan ya zama bishop na Hippo, Annaba ta yanzu, ya yi jayayya da Pelajiyus, wanda ke ganin mutum na iya yin biyayya da ƙarfin nufinsa. Agustin ya dage cewa sai alherin Allah ya warkar da nufin tukuna. Da Rum ta faɗa hannun Alarik a 410, ya auna daula da ma'auni guda: son kai da son mulki ne suka gina birnin duniya, ƙaunar Allah ta gina ɗayan.

Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal na kewaye da Hippo.