Thomas Dick (1774-1857): Ɗan Masaƙin da Ya Mai da Kallon Taurari Wa'azi

Sau da yawa idan zancen ilmin kimiyya da addini ya taso a tsakaninmu, akan yi shi ne kamar ana zancen kishiyoyi biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna, har ya zama dole maigida ya sallami ɗaya in yana son ya kwana lafiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba rayuwar wani mutumin ƙasar Sikotilan wanda ya ƙi yarda da haka, ya kuma shafe fiye da shekara 30 yana rubutu don ya nuna wa 'yan'uwansa Kirista cewa mai duban sama da madubin hangen nesa da mai karanta Littafi Mai Tsarki aikin Mahalicci ɗaya suke dubawa. Sunansa Thomas Dick. Bai taɓa riƙe muƙami a wata jami'a ba, bai kuwa gano wata sabuwar duniya ba. Sha'awa ce kawai ta kai shi ga taurari. Ya kamata tun a nan mu bambance wa mai karatu cewa ilmin taurarin da ake nufi shi ne na sanin girmansu da nisansu da tafiyarsu, ba shi da haɗi da duba ko neman sa'a.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Thomas Dick ran 24 ga Nuwamba, 1774, a unguwar Hilltown ta birnin Dundee. Mahaifinsa, Mungo Dick, saƙar lilin ce sana'arsa, kuma ita ya yi niyyar gadar wa ɗansa. Gidansu na bin wata ɗariƙar Kirista mai tsanani ƙwarai, wadda ta ɓalle daga babbar Ikilisiyar Sikotilan tun a 1733.

Ran 18 ga Agusta, 1783, da almuru, wani dunƙulen wuta ya keto sararin sama daga arewacin Sikotilan, ya ratsa Ingila har ya tsallaka Faransa, dubban mutane suna gani. Dutse ne daga sararin samaniya wanda ya kama da wuta da shigowarsa iskar duniya. Thomas yana cikin shekararsa ta tara a lokacin, an kuma ce ya firgita matuƙa, ya zaci tashin ƙiyama ce ta zo. Da tsoro ya kwanta sai tambaya ta tashi, ba ta kuwa sake shi ba har ya mutu. Ya shiga neman duk littafin da ke zancen taurari, yana karantawa ko da yana zaune a bakin masaƙa. Da yake ba shi da kuɗin sayen madubin hangen nesa, sai ya riƙa roƙon tsofaffin tabarau a wurin mutane. Ya ƙirƙiri abin goge gilasan har su yi daidai da yadda yake so, sa'an nan ya naɗe kwali ya yi bututu, ya sa gilashi ɗaya a baki don tattaro haske, ɗaya a gindi don ƙara girman abin da aka tattaro. Irin wannan madubi yana da rauni, gefen kowane abu yakan fito da launi kamar bakan gizo, amma ya isa ya nuna wa yaro cewa fuskar wata cike take da ramuka da tuddai.

Iyayensa sun damu da wannan hali, suna ganin yaro ya bar sana'a ya kama shirme. Da ya kai shekara 16 suka haƙura suka bar shi. Ya zama mataimakin malami a wata makaranta a Dundee, a 1794 kuma ya shiga Jami'ar Edinbara, yana koyar da 'ya'yan mutane a gida don ya ciyar da kansa. Ya karanci falsafa da tauhidin Kirista, aka ba shi izinin wa'azi a 1801, daga baya aka ba shi ikilisiya a garin Stirling.

A nan ne ya yi tuntuɓen da ya sauya masa rayuwa. Kafin ya cika shekara biyu a kan aikin, aka same shi da laifin lalata da 'yar aikin gidansa, dattawan ɗariƙa suka tuɓe shi. Tsofaffin masu ba da tarihinsa sukan tsallake wannan wuri, to amma a ganinmu ba a fahimtar sauran rayuwarsa sai da shi. Mutum ne da ya yi karatu don ya hau mumbari, aka kuwa sauko da shi da hakkinsa. Ya koma koyarwa a makarantar ɗariƙar a ƙauyen Methven, ya yi shekara 10 a can, ya ƙara wasu 10 a birnin Perth. A Methven ya kafa ɗakin karatu na jama'a, ya buɗe aji inda manoma da masu sana'a ke zuwa koyon kimiyya. A 1814 ya buga maƙalu biyar a wata mujalla ta Landan yana kira da a kafa irin waɗannan ƙungiyoyi don talakawa. A can ne kuma ya fara wani bincike nasa na kansa, wato neman taurari da rana tsaka. Ya nuna cewa da ƙaramin madubi ana iya ganin Zara, wadda muke kira matar wata, ko da ta matso kusa da rana ainun, a lokacin da littattafai ke cewa ba ta ganuwa.

Rubuce-rubucensa

A 1823 ya fitar da littafinsa na farko, The Christian Philosopher, wato Kirista mai nazarin halitta. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake buga shi. Ganin haka, a 1827 ya bar koyarwa, ya gina ɗan gida a kan tudu a Broughty Ferry, kusa da Dundee, yana kallon kogin Tay, ya yi masa ɗakin karatu da ɗakin kallon taurari. Daga nan littattafai suka yi ta fitowa: The Philosophy of a Future State a 1828, a kan rayuwar lahira, Celestial Scenery a 1837 da The Sidereal Heavens a 1840, a kan duniyoyi da taurari, sai The Practical Astronomer a 1845, inda ya koyar da yadda madubin hangen nesa ke aiki da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai yi amfani da shi.

Mutane iri biyu yake fuskanta. Na farko su ne masu ganin ilmin taurari ya rushe addini. Tun a 1794 Thomas Paine ya kawo hujjar cewa in dai duniyoyi suna da yawa haka, to, bai dace da hankali ba a ce Mahalicci ya keɓe wannan 'yar ƙaramar duniya tamu da saƙon ceto. Babban mai wa'azi Thomas Chalmers ya riga ya ba da amsa daga mumbari, a jerin wa'azinsa da aka buga a 1817. Na biyu, waɗanda suka fi ci wa Dick tuwo a ƙwarya, 'yan'uwansa ne masu ibada, waɗanda ke ganin nazarin halitta ɓata lokaci ne, ko ma ƙofar kafirci. Abin da yake gaya musu shi ne, Allah ya bayyana kansa ta hanya biyu, ta Littafi da ta halitta, kuma Littafin da kansa, a Zabura ta 19 da sura ta 40 ta littafin Annabi Ishaya, ya umarci mutum ya ɗaga kai ya dubi sama. Saboda haka mai wa'azin da ke ambaton ikon Allah alhali bai san girman rana ko nisan taurari ba, kalma ce kawai yake maimaitawa, bai ba masu sauraronsa abin da zukatansu za su kama ba. Shi kuwa yakan ɗauki mai karatu a hankali, ya lissafa masa shekarun da harsashin igwa zai yi yana gudu kafin ya kai rana, ya nuna masa watanni huɗu na Mushtari da zoben Zuhalu, sa'an nan ya ce masa ya fita da dare ya gani da idonsa. Har ya kai ga cewa masu tsira za su ci gaba da nazarin taurari a lahira, domin a ganinsa sanin ayyukan Allah wani yanki ne na ni'imar Aljanna.

A nan ƙarfinsa yake, domin ya mai da kallon sama abin da masaƙi da maƙeri za su iya yi a bayan gidansu ba tare da jin sun saɓa wa addininsu ba.

Inda Hujja ta Wuce Gona da Iri

Amma akwai inda ya zarce. Dick ya ɗauka cewa tun da Mahalicci mai hikima ba ya yin abu a banza, to, ba zai halicci manyan duniyoyi ya bar su kango ba. Daga wannan sai ya yanke cewa lalle akwai masu hankali a cikinsu duka. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙidaya su. A cikin Celestial Scenery ya ɗauki yawan mutanen Ingila na lokacin, wato mutum 280 a kowane murabba'in mil, ya ninka da faɗin kowace duniya. Wata ya sami mutum miliyan 4,200. Ko zoben Zuhalu bai bar shi ba kowa ba. Jimillar da ya samu ga duniyoyin da ke kewaya rana ta haura tiriliyan 21, wato miliyan sau miliyan har 21. Lissafin daidai yake, tushensa ne babu. Madubinsa bai nuna masa ko bukka ɗaya ba, kuma tun a zamaninsa masana sun san cewa da wuya in wata yana da iskar shaƙa ko ruwa.

Tun kafin wannan ƙidaya ma ra'ayinsa ya jawo masa ba'a. A watan Agusta na 1835 jaridar The Sun ta Niyu Yok ta buga jerin labarai cewa Sir John Herschel, wanda ke nazarin taurari a Afirka ta Kudu a lokacin, ya hango dabbobi da mutane masu fikafikan jemage a kan wata. Ƙarya ce tsagwaronta, wani ɗan jarida mai suna Richard Adams Locke ne ya shirya ta, daga baya kuma ya bayyana cewa da irin rubutun Dick yake yi wa shaguɓe. Abin dariya shi ne jama'a da yawa sun gaskata, domin littattafan Dick da ire-irensu sun riga sun share fage. Dick ya ji haushi, ya yi tir da marubucin a rubuce, amma bai sauya ra'ayi ba. A 1853 William Whewell na Jami'ar Kambirij, shi ma limamin coci ne, ya fitar da littafi yana musanta cewa akwai masu hankali a sauran duniyoyi. Wannan ya nuna cewa ba addinin Kirista ne ya tilasta wancan ra'ayi ba, fahimtar Dick ce. Da 'yan sama jannati suka sauka a kan wata a 1969, ƙura da duwatsu suka tarar. Ta wani gefen kuma hasashensa cewa sauran taurari ranaku ne masu nasu duniyoyin ya tabbata, domin ya zuwa 2022 an tabbatar da irin waɗannan duniyoyi fiye da 5,000, sai dai ba a ga mai rai a ko ɗaya ba tukuna.

Yana da kyau a kwatanta shi da wani ɗan garinsu, Thomas Henderson, wanda shi ma a Dundee aka haife shi. Henderson ya duƙufa a kan awo, har a 1839 ya bayyana nisan tauraron Alpha Centauri. Sai dai masu karanta Henderson ba su wuce masana ba, alhali Dick kuwa har a gidajen leburori ana karanta shi.

Ɗaya daga cikin waɗannan leburori wani saurayi ne mai aiki a masaƙar auduga ta Blantyre, kusa da Gilasgo, sunansa David Livingstone. Mahaifinsa ya tsani littattafan kimiyya, yana ganin suna lalata imani, shi kuwa yaron ransa na wurinsu, har abin ya zame masa damuwa. Littattafan Dick ne suka warware masa wannan ƙulli, suka tabbatar masa cewa zai iya riƙe duka biyun. Ya karanci aikin likita, ya zo Afirka a matsayin ɗan mishan, kuma da awon taurari yake gane inda yake a tafiye-tafiyensa, yana sa koguna da garuruwa a taswira.

Ƙarshen Rayuwarsa

Duk da yaɗuwar littattafansa, Dick bai yi arziki ba. Ya sayar wa masu buga littattafai haƙƙin mallakarsu da araha, a Amurka kuwa, inda suka fi kasuwa, ana buga su ba tare da wajibcin biyansa ko kwabo ba, domin sai a 1891 dokar ƙasar ta fara kare marubutan waje. Abin da ya samu daga can shi ne digirin girmamawa na dakta daga Kwalejin Union ta jihar Niyu Yok a 1832, da baƙi masu zuwa gaishe shi, cikinsu har da William Wells Brown, wanda ya tsere daga bauta, domin Dick ya yi ƙaurin suna wajen ƙin cinikin bayi. Ga tsufa, ga jikoki marayu da riƙonsu ya faɗo a kansa. Sai da abokai suka yi masa karo-karo, gwamnati kuma ta yanka masa fanshon fam 50 a shekara. A 1853, yana dab da shekara 80, Ƙungiyar Masana Taurari ta Ingila ta karɓe shi a cikin 'ya'yanta.

Ya rasu a gidansa na Broughty Ferry ran 29 ga Yuli, 1857, yana da shekara 82. A watan Nuwamba na wannan shekara littafin Livingstone na tafiye-tafiyensa a kudancin Afirka ya fito a Landan, a farkonsa kuwa ya ambaci sunan Thomas Dick da littattafansa biyu da suka kwantar masa da hankali yana saurayi.