Grace Hopper: Malamar lissafin da ta kusanto da kwamfuta ga ma'aikatan ofis

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya nemi taimakon waɗanda suka iya COBOL, tsohon harshen sarrafa kwamfuta da jihar ke biyan tallafin marasa aiki da shi. Masu buƙatar harshen suna nan, amma jami'o'i da dama sun daɗe da rage koyar da shi. Tushen wannan harshe yana komawa ne ga aikin Grace Hopper.

An haife ta a birnin New York ranar 9 ga Disambar 1906. Ta kammala karatun lissafi da kimiyyar fizis a Kwalejin Vassar a 1928, sannan ta samu digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934. A lokacin tana koyarwa a Vassar, takan sa ɗalibanta su yi bayanin lissafi a rubuce, domin a ganinta ilimin da mutum ba zai iya fahimtar da wani ba bai cika ba.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga rundunar sojin ruwan Amurka ta ko-ta-kwana. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, inda ta yi aiki da na'urar Mark I ƙarƙashin Howard Aiken.

A 1949 ta koma kamfanin Eckert-Mauchly, wanda ya ƙera kwamfutar UNIVAC. A nan ta hango matsalar da har yau ke damun masu ɗaukar ma'aikata. Bankuna da kamfanonin inshora na son kwamfuta ta riƙa lissafa albashi da adana bayanai, amma sai ƙwararrun masana lissafi ne ke iya ba ta umarni, su kuwa ba su da yawa kuma ba su san harkar kasuwanci ba.

Mafitar da ta kawo ita ce a rubuta umarni da kalmomin Ingilishi, sai wata manhaja ta mayar da su lambobin da na'ura ke ganewa. Da farko an yi shakkar hakan. A 1952 ta samar da manhajar A-0, daga baya tawagarta ta fitar da harshen FLOW-MATIC. A kansa aka fi dogara wajen tsara COBOL a 1959, inda ta kasance mai ba kwamitin shawara.

Ta yi ritaya a 1966, amma rundunar ta sake kiran ta a 1967 domin daidaita harsunan kwamfutocinta. Ta ajiye kaki a karo na ƙarshe a 1986, tana da shekara 79 da muƙamin Riya Admiral. A laccocinta takan raba wa matasa guntun waya mai tsawon kusan santimita 30, nisan da haske ke yi a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don su ga illar ɓata lokacin na'ura.

Ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Har yanzu bankuna da hukumomi da yawa na aiki da COBOL, suna kuma neman irin ma'aikacin da ta yi ta ƙoƙarin horarwa, wanda ya san na'ura, ya fahimci kasuwanci, kuma ya iya bayani.