Az-Zahrawi: Likitan Andalus da ya kafa harsashin ɗinki da ɗori

A Kankia, garin da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, wanda ya karye yakan fara zuwa wurin mai ɗori. Idan abin ya faskara, sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai ɗori da likitan ƙashi duk suna kan sana'ar da wani mutum ya tsara a rubuce fiye da shekara dubu da suka wuce.

An haifi Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas az-Zahrawi wajen shekarar 936, kusa da birnin Ƙurɗuba na Andalus, a ƙasar Sifaniya ta yau. Ya yi aikin likitanci a zamanin Halifa Hakam na Biyu. Ya tarar da tiyata ta lalace a hannun waɗanda ba su san ƙirar jikin ɗan Adam ba, don haka ya dage cewa sanin jijiya da ƙashi ne sharaɗin ɗaukar wuƙa.

Wajen shekarar 1000 ya kammala littafinsa At-Tasrif mai kashi 30. Kashi na ƙarshe, wanda ya keɓe wa tiyata, ya ƙunshi lalas da fiɗa da ɗori, tare da zanen kayan aiki kusan 200. A ciki ya bayyana ɗinki da zaren hanjin dabba, irin wanda jiki ke shanyewa, da ɗaure haƙori mai girgiza da wayar zinariya ko azurfa. Ya kuma ja kunne kan matse karaya da ɗauri fiye da kima, kuskuren da har yau ke jawo ruɓewar gaɓa da yanke ta.

A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara kashin tiyatar zuwa Latin a Toledo, likitocin Turai suka yi ƙarnuka suna karatu da shi.

Don sauƙaƙa haɗa zare da ƙashi, a shekarun 1980 aka ƙera ɗan ƙaramin ƙusa mai ɗauke da zare, wanda ake kafawa cikin ƙashi don mayar da jijiyar da ta tsinke, musamman a kafaɗa.

Az-Zahrawi ya rasu wajen shekarar 1013, a daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Ƙurɗuba. Birnin sarauta na Madinatuz Zahra ya zama kufai, littafin kuwa ya wanzu.